Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Hukumar NERDC da Kwamishinonin Ilimi na Jihohin Arewa Kan Darasin Zamantakewa

Zuwa ga Shugaban Hukumar Bincike da Bunƙasa Ilimi ta Najeriya, wato NERDC, da ke Sheda, Abuja, da kuma masu girma Kwamishinonin Ilimi na jihohin Arewa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa ta ladabi da girmamawa, da addu'ar Allah ya taya ku riƙon amanar da ke wuyanku, ina rubuto muku wannan wasiƙa a matsayina na malamar darasin zamantakewa a wata ƙaramar sakandaren gwamnati, kuma da yawun abokan aikina maza da mata, Musulmi da Kirista, waɗanda muke tsayawa gaban allo da wannan darasi a firamare da ƙaramar sakandare. Na zaɓi in rubuta ta a buɗe, kuma da Hausa, domin iyayen yaran da muke koyarwa su ji abin da muke roƙo a madadin 'ya'yansu, su kuma sa baki a inda suka ga ya dace.

Dalilin wasiƙar shi ne sabuwar manhajar da Gwamnatin Tarayya ta sanar a 2025, wadda ta rage yawan darussan da ake ɗora wa yara, ta haɗa zamantakewa da ilimin zama ɗan ƙasa a darasi guda, ta kuma wajabta tarihin Najeriya daga aji ɗaya na firamare zuwa aji uku na ƙaramar sakandare. Mun yi maraba da wannan mataki, musamman dawowar tarihi da ƙarfinsa bayan shekarun da ya yi a gefe. Sai dai sanin kanku ne cewa wannan ba shi ne karo na farko da aka taɓa darasinmu ba. An shigo da manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekara tara a 2008, aka sake mata fasali aka fara aiki da gyararriyar a 2014, inda aka tara zamantakewa da ilimin zama ɗan ƙasa da ilimin tsaro da darussan addini ƙarƙashin inuwa ɗaya, sannan a 2017 aka ware darussan addini bayan koke-koken jama'a. A duk waɗannan sauye-sauye sunan darasin ne yake canzawa a jadawalin da ke liƙe a ofishin hedimasta, amma abin da yaro yake ji a aji da abin da yake gani a littafi suna nan yadda suke. Sabuwar manhaja takan zo da sababbin littattafai da jagororin malamai, saboda haka yanzu ne maganarmu za ta iya yin amfani.

Batutuwa uku ne suka fi ci mana tuwo a ƙwarya: yi wa al'umma kuɗin goro, fifita ɗa namiji a kan 'ya mace, da mulkin dimokuraɗiyya. Dukkansu suna cikin abin da muke koyarwa, kuma dukkansu yaranmu suna haddace ma'anarsu su ci jarrabawa, alhali littafin da ke hannunsu da tsarin makarantar da suke zaune a ciki suna koya musu akasin abin da suka haddace. A wurinmu batutuwan nan uku darasi ɗaya ne, domin yaron da ya saba raina wani saboda ƙabilarsa, ko ya saba ganin 'yar ajinsu a matsayin wadda ba a jin ta bakinta, ba zai girma ya yarda cewa ƙuri'arsa da tasu daraja ɗaya gare su ba.

Ƙorafinmu na farko ya shafi kuɗin goro. Abin da yawancin littattafan da suka biyo ta hannunmu suke yi shi ne su ba da ma'anarsa cikin layi biyu da Turanci, su jero illolinsa huɗu ko biyar, shi ke nan an gama babi. Idan ka buɗe wani babin na littafin nan guda, inda ake bayanin al'ummomin Najeriya, sai ka tarar an zana Bafulatani a bayan shanu, Bahaushe da tiren goro ko a bakin ƙofa yana gadi, ɗan ƙabilar Ibo a cikin shago, likita da lauya kuwa da wuya su fito da shigar Arewa. Ƙasar da ke da ƙabilu sama da 250 an taƙaita ta a manya uku, ta yadda ɗan Babur, da Batangale, da Banufe, da ɗan Bajju, da Bajukune, da ɗan Gbagyi, da Bamargi, da Basaye za su gama aji uku ba su ci karo da sunan al'ummarsu a littafin da aka ce yana koya musu ƙasarsu ba. Yaro mai shekara goma ba ya riƙe ma'anar da ya haddace bayan jarrabawa, amma yana riƙe hoton da ya gani.

Sakamakon haka muna ganin sa a filin makaranta. Sunayen raini da manya suke jifan juna da su a kasuwa da tasha, irin su “nyamiri” da “arne” a nan Arewa, da “aboki” a bakin wasu mutanen Kudu, sun riga yaranmu shiga aji. A 'yan shekarun nan da matsalar 'yan bindiga ta yi ƙamari an ƙara da wani sabo. Na koyar da wani yaro Bafulatani mai natsuwa da ƙoƙarin lissafi, wanda iyayensa suka taso daga ƙauye bayan an kore musu shanu, wato su ma ta'asar ta ci su, amma 'yan ajinsu suka laƙaba masa sunan mai garkuwa da mutane har ya fara ƙin zuwa makaranta. Da na je gidansu mahaifiyarsa ta ce ta fi son ya zauna a gida da ya riƙa dawowa yana kuka. Mun shawo kan lamarin da ƙyar, kuma ba wani babi na littafi ne ya taimake ni ba, domin babu inda littafin ya tanadi abin da malami zai faɗa a irin wannan rana.

Kada a ɗauka wannan wasan yara ne da zai wuce da girma. A ƙarshen watan Maris na 2025, a garin Uromi na Jihar Edo, aka tare wasu mafarauta da ke kan hanyarsu daga Fatakwal zuwa Kano domin yin Sallah a gida, aka ce masu garkuwa da mutane ne, aka kashe 16 daga cikinsu ba tare da an kai su gaban alƙali ba. Mu ma a Arewa hannunmu bai wanku ba, domin tarihin garuruwanmu tun daga 1966 yana ɗauke da ranakun da aka tare mutum a hanya aka tambayi sunansa ko addininsa, amsar da ya bayar ta zama hukuncinsa. Waɗanda suka aikata irin waɗannan abubuwa da yawansu sun zauna a aji, kuma wataƙila sun taɓa rubuta ma'anar haɗin kan ƙasa daidai a takardar jarrabawa.

Abin takaicin shi ne tarihinmu cike yake da misalan da za su rusa wannan tunani, amma ba a sa su a gaban yara. A shekarun 1950 mutanen Inugu sun zaɓi Malam Umaru Altine, Bafulatani daga ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garinsu na farko. A zaɓen 12 ga Yunin 1993, wanda yanzu ranarsa ce Ranar Dimokuraɗiyya, Cif Abiola, Bayarabe daga Abekuta, ya fi Alhaji Bashir Tofa ƙuri'a a Jihar Kano, mahaifar shi Tofa ɗin. A watan Yunin 2018 Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar a ƙaramar hukumar Barikin Ladi ya ɓoye Kiristoci sama da 200 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya hana maharan da suka biyo su shiga. Duk ranar da na ba da ɗaya daga cikin waɗannan labarai, hatta yaran da ke can bayan aji sukan yi tsit, sannan tambayoyi su ɓarke har a buga ƙararrawa. Haka nan sashe na 42 na tsarin mulkin 1999, wanda ya haramta nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabilarsa, ko wurin da ya fito, ko kasancewarsa namiji ko mace, ko addininsa, ko ra'ayinsa na siyasa, ya kamata ya zama abin da kowane ɗan aji shida zai iya faɗa da harshen gidansu.

Akwai wani ɓangare da marubutan littattafai sukan tsallake saboda bai zo a littattafan ƙasashen waje da suke kwaikwayo ba. Al'adarmu tana da wasan barkwanci tsakanin Fulani da Barebari, da Gobirawa da Yarabawa, da Kanawa da Zazzagawa, kuma wasa ne da ke da ƙa'ida: kowane ɓangare yana da damar ramawa, ana yin sa a gaban juna, kuma ƙarshensa zumunci ne da kyauta. Ya kamata yaro ya san abin da ya raba wannan da zagin da ake yi wa wanda ba shi da bakin ramawa. Haka kuma kuɗin goro a ƙasar Hausa bai tsaya ga ƙabila ba. Yana nan a yadda ake kallon 'ya'yan maƙera da wanzamai da mahauta idan maganar aure ta taso, da yadda ake ɗora wa kowane almajiri laifin sata, da yadda ake ɗaukar makaho ko gurgu a matsayin wanda bara ce kaɗai makomarsa. Waɗannan su ne abubuwan da yaranmu suke gani a unguwa, kuma daga nan ya kamata darasin ya fara.

Ƙorafi na biyu shi ne fifita namiji a kan mace. A babin iyali, uba yana zaune yana karanta jarida ko yana fita ofis, uwa tana gindin murhu, yaro yana buga ƙwallo, yarinya tana shara. Girki da renon yara aiki ne mai daraja, kuma yawancinmu malamai mata muna yin sa kafin mu fito da bayan mun koma. Damuwarmu ita ce shi kaɗai ne hoton da ake nunawa, alhali yarinyar da ke kallon hoton ta san mahaifiyarta ce take ɗauke da rabin cefanen gidan da kuɗin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da ɗinki da adashi. Tsarin makaranta ma yana ƙarfafa wannan hoto. 'Yan mata ne ke share aji da ɗebo ruwa da wanke kofin malamai yayin da maza suke filin wasa. Monita namiji ne, mace mataimakiya ce ko da ta fi shi ƙoƙari. Kuma har yau akwai makarantun da ke shirya muhawara a kan cewa ilimin ɗa namiji ya fi na 'ya mace amfani, a tsayar da yarinya a gaban jama'a tana kare haƙƙinta na zama a ajin da take zaune, wani lokaci ma a ba ɓangaren da ya ce ba ta cancanta ba kyauta.

Wannan yana faruwa ne a yankin da zaman yarinya a makaranta ya riga ya zama da wuya. Asusun UNICEF ya daɗe yana ambaton yara kimanin miliyan 10.5 da ba sa zuwa makaranta a Najeriya, mafi yawansu a Arewa, kuma sace ɗalibai mata a Chibok a 2014, da Dapchi a 2018, da Jangebe a 2021 ya ƙara wa iyaye fargaba. Uban da ya daure ya turo 'yarsa duk da wannan fargaba bai cancanci makaranta ta koya mata cewa ita ta biyu ce ba. Kuma al'ummar da magidantanta suke neman likita mace da ungozoma mai ilimi su duba iyalinsu, ita ce ta fi kowa buƙatar yarinya ta ga kanta a farin kaya tun tana firamare.

Mun san cewa iyaye da dama suna ɗar-ɗar da duk wani darasi da ya taɓa maganar maza da mata, domin suna tsoron a shigo musu da abin da ya saɓa wa addini da tarbiyya ta bayan gida. Wannan tsoro ya cancanci a saurare shi, kuma maganinsa yana cikin tarihinmu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kakkausar suka ga malaman da suke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci alhali suna karantar da almajirai a waje. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajinta, wato malamai matan da ta horar, suke bin ƙauyuka suna karantar da mata. Sarauniya Amina ta Zazzau sunanta yana kan ganuwowi har yau. Hajiya Gambo Sawaba, jagorar matan jam'iyyar NEPU, ta sha ɗauri sau da dama saboda neman 'yancin ƙuri'a da ilimi ga matan Arewa, kuma yara ƙalilan ne suka san dalilin da ya sa aka sa wa babban asibiti sunanta a Zariya. Ladi Kwali, maginiyar tukwane, hotonta yana bayan takardar naira 20 da yaran suke zuwa da ita kuɗin tara. Mai Shari'a Aloma Mukhtar ta zama mace ta farko da ta riƙe kujerar Alƙalin Alƙalan Najeriya a 2012, Amina Mohammed kuwa tana riƙe da muƙamin Mataimakiyar Sakatare Janar ta Majalisar Ɗinkin Duniya tun 2017. Idan aka haɗa da matan Aba da suka yi wa Turawan mulki bore a 1929, da Funmilayo Ransome-Kuti da matan Abekuta, za a ga babu buƙatar aro misali daga ko'ina.

Akwai gaskiyar da ya kamata a faɗa wa 'yan aji uku ba tare da kwana-kwana ba. Matan Kudu sun jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya na 1959, amma matan Arewa sai a 1976 aka ba su wannan dama a zaɓen ƙananan hukumomi, kafin tsarin mulkin 1979 ya tabbatar da ita, wato kakannin wasu ɗalibanmu sun girma a lokacin da doka ba ta ƙirga su ba. Manufar ƙasa kan daidaito tsakanin maza da mata ta 2006 ta yi alkawarin kashi 35 cikin ɗari na muƙamai ga mata, amma a ranar 1 ga Maris 2022 Majalisar Tarayya ta yi watsi da ƙudurori biyar da suka shafi mata a gyaran tsarin mulki, ciki har da na ware musu kujeru. Bayan zaɓen 2023 mata huɗu ne kawai suka zauna a Majalisar Dattawa mai kujeru 109, a Majalisar Wakilai mai kujeru 360 ba su kai 20 ba, majalisun jihohi da dama a Arewa ba su da mace ko ɗaya, kuma har yau ba a taɓa zaɓen mace gwamna a Najeriya ba. Maƙwabciyarmu Nijar ta yi dokar ware wa mata kaso a muƙamai tun shekarar 2000. Ba muna neman a tilasta wa yaro wani ra'ayi a kan ware kujeru ba; muna neman a ba shi waɗannan alƙaluma, a bar shi ya yi tambaya, ya ji hujjar masu goyon baya da ta masu adawa.

Ƙorafi na uku shi ne dimokuraɗiyya kanta. Kowane ɗalibinmu zai iya rera maka ma'anar da aka danganta ga Abraham Lincoln, ya lissafa rassan gwamnati uku ba tare da ya numfasa ba. Amma ka tambaye shi sunan kansilan mazaɓarsu, ko wane ne ke da alhakin gyara rufin ajin da yake yoyo a kansa, ko inda kuɗin ƙaramar hukumarsu yake fitowa, sai ya yi shiru. Bai san cewa akwai ƙananan hukumomi 774 ba, kuma a watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan su kasonsu kai tsaye. Bai san sashe na 14 na tsarin mulki ya ce mulki na jama'a ne, kuma tsaro da jin daɗinsu su ne babban dalilin kafa gwamnati ba. Bai san sashe na 69 ya ba masu zaɓe damar yi wa ɗan majalisa kiranye ba, ko cewa dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa damar neman bayani daga ma'aikatun gwamnati. Ɗan aji uku shekara uku ko huɗu ke tsakaninsa da katin zaɓe, kuma tun bayan gyaran tsarin mulki na 2018 da ya sauke shekarun takarar Majalisar Wakilai da ta jiha zuwa 25, kimanin shekara goma ke tsakaninsa da cancantar tsayawa takara.

Abin da bai koya a aji ba, titi yana koya masa. Yana ganin ana raba taliya da sabulu da atamfa a jajibirin zaɓe, yana ganin yayyensa sun zama 'yan jagaliya, sai ya ɗauka siyasa ke nan. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023, cikin mutum sama da miliyan 93 da suka yi rajista, kimanin kashi 27 cikin ɗari ne kawai suka fito, mafi ƙaranci tun dawowar mulkin farar hula a 1999. Bayan juyin mulkin Nijar na watan Yulin 2023 na ji ɗalibaina suna cewa soja sun fi, kuma ban ga laifinsu ba, domin an haife su bayan 1999, kuma babu wanda ya zaunar da su ya ba su labarin abin da ƙasar nan ta gani daga 1966 zuwa 1979, da daga ƙarshen 1983 zuwa 1999, lokacin da doka takan fito daga bakin mutum ɗaya a wayi gari an rufe jarida ko an tsare mutum ba shari'a. A zanga-zangar watan Agustan 2024 an ga yara ƙanana a titunan Arewa ɗauke da tutar Rasha, kuma a farkon Nuwamba aka gurfanar da wasu a kotu a Abuja, wasunsu suka yanke jiki suka faɗi, kafin Shugaban Ƙasa ya ba da umarnin a sake su. Waɗannan sa'o'in ɗalibanmu ne. Yunwar da ta fito da su gaskiya ce, kuma sun cancanci a ce an koya musu hanyoyin da ɗan ƙasa yake bi ya nemi haƙƙinsa, da iyakar da doka ta gindaya wa shi da hukuma baki ɗaya.

Makarantar da ke koyar da wannan darasi ita kanta ba a shawara da kowa a cikinta. Malamai ne ke naɗa monita da shugabannin ɗalibai, sau da yawa a zaɓi mafi girman jiki a miƙa masa bulala, yaron da ya cika tambaya kuma a kira shi marar kunya. A ajina na gwada zaɓen monita da 'yan takardu da kwali, wata yarinya ta ci, wasu maza suka ce ba su yarda ba. Muka sake ƙirga a gaban kowa da wakilin kowane ɗan takara a tsaye, wanda ya faɗi ya miƙe ya amince, aka kuma yarda za a sake zaɓe a zango mai zuwa. A wannan rana guda sun fahimci ƙirga a fili, da karɓar kaye, da wa'adin mulki fiye da yadda na iya fahimtar da su da alli.

Sai batun mu malamai, wanda ba zan tsawaita a kansa ba domin kun san shi. A makarantu da yawa darasin zamantakewa shi ne wanda ake miƙa wa duk malamin da ke da sarari a jadawali, ko da ba fanninsa ba ne, ajin ya cika ya tumbatsa, littafi ɗaya ne a hannun malami, kuma jarrabawa ba ta tambayar komai sai ma'ana da jeri. Mu ma a cikin al'ummar nan muka tashi, muna ɗauke da irin son zuciyar da ke cikinta, kuma ba a taɓa zaunar da yawancinmu an nuna mana yadda za mu tafiyar da tattaunawa a kan ƙabila ko addini ba tare da aji ya yamutse ba.

Saboda haka, ranku ya daɗe, ga abin da muke roƙo. Muna roƙon Hukumar NERDC da ma'aikatun ilimi na jihohi kada su amince da kowane littafin zamantakewa sai an bi shi shafi-shafi an duba wa aka zana yana wane aiki, waɗanne al'ummomi aka ambata, kuma mata nawa ne suka fito a matsayin da ya wuce bakin murhu, sannan a mayar wa mawallafi da duk wanda ya gaza ya gyara. Muna roƙon a sa malaman da ke cikin aji a yanzu, maza da mata, daga birni da ƙauye da ƙananan ƙabilu, a kwamitin da zai yi wannan dubawa. Muna roƙon jagorar malami ta ƙunshi labarai na gaskiya daga tarihin Najeriya irin waɗanda na ambata, tare da tambayoyin tattaunawa, kuma a samar da ƙarin bayaninta da Hausa da Fulatanci da Barbarci da sauran harsunan da yara suke tunani da su, domin yaron da bai gama mallakar Turanci ba ya iya faɗin abin da ke ransa. Muna kuma roƙon a sauƙaƙa sashe na 14 da na 42 na tsarin mulki, a buga su a manyan takardu a liƙa a kowane aji.

Ga masu girma kwamishinoni, roƙonmu ba ya buƙatar kasafi mai yawa. A fitar da takardar umarni cewa ɗalibai ne za su zaɓi monita da shugabanninsu ta ƙuri'ar sirri, tare da sharuɗɗan ɗa'a da ƙoƙari da makaranta za ta gindaya, kuma a makarantun da ke haɗe mace da namiji duk su iya tsayawa. A raba shara da ɗebo ruwa bisa jadawali tsakanin maza da mata. A daina shirya muhawarar da ke sa cancantar yarinya ga ilimi a kan sikeli. A ba makarantu izini da tallafi su kai 'yan aji uku sakatariyar ƙaramar hukuma ko zauren majalisar jiha aƙalla sau ɗaya kafin su gama, a kuma gayyaci kansila ya zo ya amsa tambayoyin yara. A jarrabawar kammala ƙaramar sakandare a ware kaso na maki ga tambayar da ke ba da labari a nemi yaro ya gano inda aka yi kuɗin goro ko aka tauye wani, domin abin da jarrabawa ta tambaya shi malami zai koyar. A daina miƙa darasin ga wanda ba fanninsa ba, a kuma haɗa kai da kwalejojin ilimi a ba malaman da ke bakin aiki horo a lokacin hutu.

Roƙonmu na ƙarshe shi ne a kira iyaye da limamai da fastoci da masu unguwanni ta hanyar kwamitocin kula da makarantu, a nuna musu littattafan kafin a raba su, a amsa tambayoyinsu a fili, sannan Hukumar ta sanar da jama'a lokacin da sababbin littattafai da jagororin malamai za su isa makarantun gwamnati. Mu a namu ɓangaren a shirye muke mu kawo littattafan da muke amfani da su, mu nuna shafukan da muke magana a kansu, mu kuma zauna da duk wanda kuka wakilta.

Allah ya yi muku jagora. Wassalam.

Taku cikin ladabi,
Malamar darasin zamantakewa, a madadin abokan aikinta na firamare da ƙaramar sakandare.